Icen ado ya ƙi nutsewa a tankin kifi, me ake yi masa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu tankin kifi na gilashi ku agaza min da shawara. Na sayi wani icen ado mai siraran rassa, irin wanda masu sayarwa ke ce wa sifaida, na wanke shi tas na saka a tanki, amma fafur ya ƙi zama a ƙasa. Da na danna shi na saki, sai ya taso ya yi kwanciyarsa a saman ruwa. Na cusa gindinsa cikin yashi, da gari ya waye na tarar ya tumɓuke kansa, ya haɗa da shukokin da ke kusa da shi, ruwan duk ya dame. Tankin mai lita 100 ne, ƙananan kifayen ado ne a ciki, gofi da 'yan tetira. Maigidan har ya fara min tsiya, wai na sayo makamashi da kuɗin kaza.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki dafa shi kawai. Tukunya, ruwa, wuta, awa biyu, magana ta ƙare.

Mai Kurungu:
Ɗan Sabon Gari, ina ma a ce da sauƙi haka. Sifaida saiwar wata 'yar bishiya ce mai furanni da ake kira azaliya, daga Asiya ake kawo ta, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Dafuwa tana rage mata taurin kai, amma sau da yawa ka sauke tukunya ka mayar da ita tanki ta sake tasowa. Irin wannan icen sati biyu zuwa huɗu yake ɗauka a cikin ruwa kafin ya zauna da kansa, mai kauri ma ya fi haka. Da icen mopani ta saya da ba mu ji wannan kukan ba. Shi daga kudancin Afirka yake zuwa, wajajen Botswana da Namibiya da Zimbabuwe, ko a bushe yake ya fi ruwa nauyi, kana sakinsa sai ƙasa. Icen Malesiya ma yawanci haka yake.

Malamar Kimiyya:
Bari in sa baki, don in aka gane dalilin tasowar, kowa zai iya zaɓar dabarar da ta dace da shi. Ainihin naman ice, wato bangon 'yan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi, ya fi ruwa nauyi da kusan rabi. Kowane ice haka yake, mai tauri da mai laushi. Abin da ke ɗaga shi sama iska ce da ta cika ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi lokacin da bishiyar take raye. Da ta bushe sai iska ta maye gurbin ruwan. Kun ga yadda masu su a Argungu suke kifa ciki a kan gora su yi ta yawo a kogi, to iskar da ke cikin gorar ce ke riƙe da ƙaton mutum, ita ce kuma ke riƙe da icen Maman Ilham. Duk dabarar da za a faɗa a nan ɗayan biyu ce: ko a kori iskar ruwa ya shiga, ko a danne icen har iskar ta fita don kanta. Zafi yana sa iskar ta kumbura ta fice, shi ya sa za ku ga kumfa na fitowa daga bakin reshe in ana dafawa. Amma a lura, lokacin da yake hucewa ne yake zuƙar ruwa. Wanda ya tsamo shi da zafinsa ya ajiye a kan siminti, iska ya sake ɗura masa. A bar shi ya huce a cikin tukunyar, ruwa ya rufe shi ruf.

Ɗan Sabon Gari:
To ai kin ga Malama ma ta goyi bayana. Dafuwa dai.

Malamar Kimiyya:
Na goyi bayan rabin maganarka. "Magana ta ƙare" ɗin ce ban yarda da ita ba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Sai dai icen ya fi duk tukwanen da nake da su tsawo, kuma gaskiya da tsadar gas ɗin nan ba na jin zan kunna awa biyu saboda ice. In maigidan ya gani ai sai in bar masa gidan.

Anti Zee:
Hahaha, 'yar uwa kar ki taɓa gas ɗinki. Ki aro tsohuwar tukunyar biki, ki ɗora a murhu a tsakar gida. In bai shige duka ba ki dafa gefe ɗaya, ki juya ki dafa ɗayan. Kuma kar ki sa tukunyar da kike ji da ita, ruwan da zai fito ja ne wur, yana barin shaida a jikin alminiyam. In babu hali, ki sa shi a baho ko duro, ki danne da dutse, ki tafasa ruwa a buta ki riƙa kwarara masa. Baƙin duro a rana ma yana aiki, ranar garin nan ai ba ta wasa. Abu ɗaya: ki rufe bakin duron da murfi ko tsohon gidan sauro, kuma ki riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu ko uku. Sauro cikin kamar sati ɗaya yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kar a je gyaran tanki a kwaso zazzaɓi.

Injiniya:
Ni fa ban ga dalilin da za a bar tanki tsirara wata guda ana jiran ice ya ga dama ba. A ɗaure shi a ƙasa yau, ya ci gaba da shan ruwansa a inda aka ajiye shi. Ga yadda nake yi. Ki samo ɓallin tayil na ƙasa, wanda faɗinsa ya fi gindin icen, masu aikin tayil suna zubar da irinsu a duk inda ake gini. A huda shi wuri biyu da bakin injin huda na tayil, ana ɗiga ruwa a hankali don kar ya tsage. A ɗan share gindin icen da zarto ya zauna daidai, a fara yi masa 'yar ƙaramar huda don kar sukuru ya tsaga shi, sannan a ɗaura daga ƙarƙashin tayil ɗin zuwa cikin icen. Sukurun ya zama na sitenles, wanda ba ya tsatsa. Ban da ƙusa, ban da waya ta jan ƙarfe, ban da darma. Jan ƙarfe musamman yana kashe jatan lande da katantanwa ko da kaɗan ne ya narke a ruwa.

Inda mutane suke sakaci shi ne kan sukurun. In ya turo ƙasa, duk nauyin tayil da ice da yashi a kan ɗan wannan tsinin zai taru, shi kuma a kan gilashin ƙasan tanki yake zaune. A rufe kan da ɗigon gam ɗin silikon a bari ya bushe, ko a shimfiɗa yankin roba mai laushi a ƙarƙashi. Daga nan sai ki share yashi har ki ga gilashi, ki zaunar da tayil ɗin, ki mayar da yashi a kai. Ba wanda zai san akwai wani abu a wurin, nauyin yashin ma ya ƙara riƙe shi.

Maman Ilham:
Injiniya, wannan aikin ai sai ku. Ba zan iya ɗora masa dutse kawai ba?

Injiniya:
Za ki iya, amma ki yi lissafi, kar ki yi da ka. Ki sa icen a baho ki duba nawa ne ya fito sama. In kashi ɗaya cikin uku ne a waje, to abin da ya rage masa ya nutse rabin nauyinsa ne. Misali icen kilo 2 ne, yana buƙatar a danna shi da ƙarfin kilo 1. Amma dutse ma in ya shiga ruwa nauyinsa raguwa yake yi, dutsen kwari irin wanda ake fasawa a yi kankare yana rasa sama da kashi ɗaya cikin uku. Dutsen kilo 1 a hannu bai fi giram 630 ba a cikin ruwa. Kin ga ke nan sai kin nemi mai kilo ɗaya da rabi da ɗoriya, gara ma ki sa mai kilo 2 ki huta. Kuma ɗorawa kawai ba ta isa, ki ɗaure shi da zaren fatsa ko igiyar roba mai maƙalewa irin ta masu gyaran wuta. Dutsen da aka aza a kan reshe haka kawai, ranar da icen ya motsa gilashi zai nufa. Lita 100 kilo 100 ne na ruwa a tsakiyar falo.

Mai Kurungu:
Ƙari a kan maganar Injiniya: ba kowane dutse ba. Ki ɗiga masa ruwan khal, in kin ga yana ɗan kumfa to mai farar ƙasa ne, zai riƙa narkewa yana ƙara wa ruwa gishirin ƙasa. Gofi ba ruwansu, suna ma son haka, amma tetira sun fi son ruwa mai laushi, wato wanda ba shi da gishirin ƙasa sosai. Mabul ma wannan dangin ne. Sannan don Allah kar wanda ya ce tunda ana dafa ice bari ya dafa dutse. Wani dutsen yana da rami da danshi a ciki, zafi na iya fasa shi. Buroshi da ruwa sun ishe shi.

Ɗan Sabon Gari:
Ni sufa gulu nake sawa. Ka cusa ɗan tishu ko auduga tsakanin ice da dutse, ka ɗiga gam ɗin a kai, nan take ya daskare, ko da guduma sai ka sha wuya.

Anti Zee:
Sufa gulu a ruwan kifi? Ɗan Sabon Gari ka ji tsoron Allah.

Malamar Kimiyya:
Wannan karon gaskiyarsa ce, Anti. Gam ɗin da zarar ya daskare ya zama roba, ba ya sakin komai a ruwa, masu shuka a tanki da shi suke manna tsirrai a jikin ice. Hatsarinsa a wajen haɗawa yake: in ya haɗu da auduga yana yin zafi har ya yi hayaƙi mai yaji a ido, don haka a yi a waje, a kau da fuska. Silikon kuma sai an duba kwalinsa. Wanda ake sawa a banɗaki da kicin galibi an zuba masa maganin hana fumfuna, wannan guba ne ga kifi. Ko mai kyaun ma ba ya kama jiƙaƙƙen ice, kuma yana son kwana ɗaya zuwa biyu ya bushe. Tunda icen Maman Ilham ya riga ya fara shan ruwa, asara ce a busar da shi saboda silikon.

Baba Na Yauri:
Salamu alaikum. Ina ta karatu ina mamaki. Yanzu ice ne har sai an sayo daga Malesiya? Mu da muka tashi a bakin Neja, bayan ruwa ya janye kututture da saiwa sai wanda ka zaɓa, wasu sun shekara da shekaru a cikin ruwa, ba sai an roƙe su su nutse ba. Ga kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, maƙera ke neman gawayinta, nauyinta kusa yake da na ruwa. Ga marke, ga kanya. Yaran zamani dai komai sai na kanti.

Mai Kurungu:
Baba, ranka ya daɗe, a kan nauyi ba mai ja da kai. Ni kaina saiwar da kurunguna ke ɓuya a ƙarƙashinta daga bakin kogi na ɗauko. Amma kai ka san bishiya da ganin ɓawonta, mu kuwa yawancinmu in ice ya bushe ba ma bambance marke da darbejiya. A kogi kuma ruwa wucewa yake yi, duk abin da ice ya saki ya tafi. A tanki ruwa ɗaya ne yake zagayawa, kifin ba shi da wurin gudu. Ni a ganina matsalar tasowa ƙarama ce, haƙuri ko tayil ya magance ta. Wadda ke kashe kifi ita ce a saka icen da ba a san asalinsa ba.

Baba Na Yauri:
Wannan kuma ka faɗi gaskiya, ɗana. To bari in faɗa muku waɗanda ko kyauta aka ba ku kar ku karɓa. Aduwa, ɓawonta da 'ya'yanta an daɗe ana dakawa a zuba a tafki kifi ya bugu ya taso. Magimfa ita ma aikinta ke nan, don haka ma wasu ke shuka ta. Gwaska guba ce ko ga mutum. Duk wani mai farin ƙaro kamar tinya da tumfafiya, a bar shi inda aka gan shi. Darbejiya kuma kun san da ita ake korar ƙwari daga hatsi, abin da ke kashe ƙwaro ba zai bar jatan landenku ba. Kiryar ma da na ambata, zuciyar icen nake nufi, tsohuwa wadda ta bushe ƙamas, a feƙe ɓawon da farin naman da ke bayansa. 'Ya'yanta akwai wuraren da ake dakawa a sa wa kifi.

Malamar Kimiyya:
Allah ya ƙara girma Baba. A ƙara da bishiyar turare da duk ice mai ƙamshin mai ko mai danƙo, da ɗanyen reshe da aka sara jiya, da katakon kasuwa, don sau da yawa an shafa masa maganin gara ko baƙin mai. Busasshen icen gwaiba kuwa masu tanki a ƙasashe da yawa suna amfani da shi, yana da tauri kuma rassansa suna da fasali. Gwajin farce ma yana taimakawa: in ka danna farcenka ya shige, icen ya fara ruɓewa ko kuma mai laushi ne, zai narke maka a tanki ya ɓata ruwa. Sannan a duba kogin kansa. Kogin Challawa a Kano an sha yin rubutu a kan dagwalon masana'antun fata da ke shiga cikinsa, ga kuma magudanan da ke bin gonakin da ake wa feshi. Ice soso ne, abin da ya sha shi zai amayar.

Ɗan Sabon Gari:
To a wanke da bilic mana, ko omo.

Anti Zee:
Yanzu fa aka ce maka abin da ya sha shi zai amayar.

Ɗan Sabon Gari:
Na ji, na janye. Amma hanya mafi sauƙi ta gane ice mai guba ita ce ka jefa gofi biyu masu arha a bahon da ka jiƙa shi. In sun kwana lafiya shi ke nan.

Maman Ilham:
A'a, ni ban yarda da wannan ba. Rai rai ne, mai arha da mai tsada. In ina shakkar ice gara in bar shi.

Injiniya:
Ban da haka ma gwajin ba ya nuna komai. Wata gubar a hankali take aiki, kwana ɗaya ba zai bayyana ta ba, kuma gofi a baho babu iska babu abin tace ruwa zai iya mutuwa ko da icen lafiyarsa ƙalau.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni nawa mopani ne, ya nutse tun ranar farko, amma ruwan ya koma kalar shayi. Na sauya rabi, ya sake rinewa. Kifin zai mutu ne?

Mai Kurungu:
Ba abin da zai same su. Tanin ne yake fita, sinadarin nan da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jima fata da shi, shi ne kuma ke sa baurin shayi da goro. Mopani ya yi suna wajen zubar da shi, yana iya yin watanni bai daina ba. Akwai kogunan da haka ruwansu yake tun fil azal. Rio Negro a Brazil baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ganye da itatuwa, a kusa da birnin Manaus inda ya haɗu da wani kogin ana ganin ruwan biyu suna tafiya gefe da gefe na tsawon kilomitoci ba su gauraya ba. Daga can ake kamo tetira mai jan ciki da shuɗin layi, kuma a irin wannan ruwan launinta ya fi fitowa. Ni ina son kalar, har gani nake tanki mai ruwa garau kamar shagon magani. In kai ba ka so, ka sa gawayin tace ruwa na tanki a cikin abin tace ruwanka, ka riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati, zai washe.

Malamar Kimiyya:
Na tanki fa aka ce, ba gawayin mai shayi ko na shisha ba. Kuma Mai Kurungu, "ba abin da zai same su" ya danganta da kifin. Tanin yana ɗan saukar da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, in ya sauka ruwan ya ƙara tsami. A ruwan burtsatse mai gishirin ƙasa da ƙyar za a ga bambanci, amma mai amfani da ruwan sama ko ruwa mai laushi sosai ya riƙa aunawa. Wanda kuma yake kiwon kifayen tafkin Malawi ko Tanganyika, su ruwansu pH ɗinsa wajen 8 zuwa 9 yake, duwatsu suka sani, babban ice ba nasu ba ne.

Sabon Shiga:
Gwal fish ne da fileko ɗaya, kifin nan mai tsotsar jikin gilashi.

Mai Kurungu:
To filekonka ma godiya zai yi maka, suna kankarar jikin ice suna ci. Ka bar masa.

Anti Zee:
Maman Ilham, tun kafin ki dawo da kuka na biyu bari in riga ki. Sifaida in ya kwana biyu a ruwa zai fitar da wani farin abu mai yauƙi, ya lulluɓe rassan, ba kyan gani ko kaɗan. Ba cuta ba ce, ƙwayoyin halitta ne suke cin ɗan zaƙin da ya rage a jikin icen. Katantanwa da jatan lande da gofi ma suna tsattsagarsa. In ya dame ki, ki goge da tsohon buroshin haƙori ki zuƙe da tiyo lokacin sauya ruwa. Zai dawo, ki sake gogewa, cikin 'yan makonni zai ƙare don kansa. Abin da ba a so shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwai ko icen ya yi laushi yana marmashewa.

Baba Na Yauri:
Kuma in ya nutse kar ki fitar da shi ki shanya. Iskar hunturu ta buge shi 'yan kwanaki, kin koma gidan jiya. Ko wanke tanki za ki yi, ki ajiye shi a bokitin ruwa.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Akwai mai tayil yana aiki a maƙwabtanmu, zan aika masa ya huda min ɓalli ɗaya. Injiniya, in na je sayen sukurun ta yaya zan gane na sitenles ne na gaske? Kasuwar nan kowa ce maka zai yi nasa ne orijina.

Injiniya:
Ki tafi da maganaɗisu, ko ɗan wanda ake mannawa a jikin firji. Sukurun ƙarfe da aka yi wa fenti mai ƙyalli zai manne masa caraf. Sitenles mai kyau, wanda ake rubuta wa 304 ko 316, ko dai ba ya kamawa sam ko ya ɗan ja kaɗan ya saki. In kin samu an buga A2 ko A4 a kansa, shi ne. Tsawonsa ya shiga icen kamar inci ɗaya bayan ya ratsa tayil ɗin.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai har yanzu da ni ne sai na fara dafa shi kafin a ɗaura.

Malamar Kimiyya:
Wannan ba laifi. Ko rabin awa ne a murhu zai rage jan ruwan, ya kuma kashe duk wani ƙwaro da ya maƙale a jiki. Ta dafa da yamma, ta bar shi ya kwana a cikin tukunyar, da safe a kai wa mai tayil.